Tiger a kan tarago: yadda ɗan allo ɗaya ya ƙaryata aikin wata huɗu

Abin da za a yi magana a kansa bai kai kamu biyu ba a tsawo. Katako na shimfiɗa, na zuba masa tsakuwa, na ɗora layin dogo, a kan layin na ajiye buɗaɗɗen tarago, a kan taragon kuma tankar Jamus ta Yaƙin Duniya na Biyu da ake kira Tiger. Duka na roba ne, irin wanda ake saye gutsattsari a kwali a harhaɗa da gam a yi masa fenti. Ma'auninsa 1 cikin 35 ne, wato kowace santimita ɗaya a jikin samfurin tana tsaye a madadin santimita 35 a jikin na gaske. Wata huɗu na yi ina aikinsa da daddare. Da na gama sai na manna ɗan allo a gaba, na rubuta: "Hanyar Kursk, Yuni 1943", wato hanyar zuwa wani fagen yaƙi a Rasha.

Wanda ya fara gano matsala bai taɓa jin sunan Tiger ba. Maƙwabcinmu ne, dattijon da ya yi shekaru yana aikin reluwe har ya yi ritaya. Ya shigo mu gaisa, ya ga abin a kan tebur, ya sunkuya ya saita idonsa da ƙarshen taragon, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Yaro, kayan nan naka ya fi taragon faɗi. Wa ya sa hannu aka tashi da shi haka?" Na ce, "Baba, ai haka yake a kwali." Ya ce, "Kwali ba ya tuƙa jirgi. Kuma ban ga waigi ba. Direba na taka birki, ƙarfen nan a tarago na gaba zai kwana."

Na yi dariya a lokacin. Daga baya da na zauna da rula da hotunan zamanin yaƙin, dariyar ta ƙare.

Inda faɗi ya zama magana

Faɗi iri biyu ne a harkar jirgin ƙasa, kuma masu haɗa samfuri kan cakuɗa su. Akwai tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo biyu. A yawancin Turai milimita 1,435 ce, daidai da layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, alhali tsohon layin Legas zuwa Kano milimita 1,067 ne. Sannan akwai iyakar faɗi da tsayin kayan da tarago zai iya ɗauka ba tare da ya gogi dandamalin tasha, ko ƙarfen gada, ko bangon ramin da jirgi ke ratsawa ta ƙarƙashin dutse, ko jirgin da ke tahowa a layin gefe ba. Wannan ta biyun ita Baba yake nufi. Ƙasashen Turai sun daidaita a kanta a birnin Bern a 1912, ta fara aiki a 1914: faɗi mita 3.15, tsayi mita 4.28.

Tiger ba ta shiga wannan ma'aunin. Kamfanin Henschel ne ya ƙera ta a Kassel daga Agusta 1942 zuwa Agusta 1944, guda 1,350 ko ƙasa da haka kaɗan. Tun farko an tsara ta a kan nauyin tan 45, amma da aka jibga mata sulke mai kaurin milimita 100 a gaba da bindiga mai bakin milimita 88, sai ta tashi kusan tan 57. Abu mai wannan nauyi in bai sami faffaɗar ƙafa ba, nutsewa zai yi a laka. Shi ya sa aka yi mata sarƙa mai faɗin milimita 725 a kowane gefe, aka jera tayoyi suna shiga tsakanin juna don su raba nauyin. Da haka faɗin tankar ya kai kusan mita 3.7 idan an haɗa da farantan ƙarfe masu tare laka. Tsakanin 3.7 da 3.15 akwai fiye da rabin mita.

Ba kuma za a ce ta taka da ƙafarta zuwa fagen fama ba. Tankinta na cin lita 540 na fetur, kuma ko a kan kwalta wannan ba ya kai ta kilomita 200. Doguwar tafiya tana cinye injin da giya da sarƙa tun ba a ga abokin gaba ba. Jirgin ƙasa ne ƙafarta ta gaskiya. Guda huɗun farko da suka shiga yaƙi, na bataliya ta 502, a jirgi aka sauke su a tashar Mga kusa da Leningrad ranar 29 ga Agusta 1942.

Dabarar da Jamusawa suka yi ita ce su ba kowace tanka takalmi biyu. Sarƙar yaƙi mai milimita 725, da siririyar sarƙar lodi mai milimita 520, wadda suke kira Verladekette. Kafin a hau tarago sai a kwance farantan tare laka na gefe, a naɗe fiffiken na gaba da na baya, a cire jerin tayoyin waje, a sauke babbar sarƙa a ɗaura ƙarama. Da haka tankar ke tsukewa ta dawo daidai bakin mita 3.15. Taragon ma na musamman ne, sunansa SSyms, mai sandunan taya shida, uku gaba uku baya, yana ɗaukar tan 80, tsawonsa mita 13.2. Siraran sarƙoƙin kayan taragon ne, tare da shi suke yawo. Manyan kuwa ba a barin su a tasha. Tankar ce ke jan su da igiyar ƙarfe ta hau da su, su kwanta a kan daɓen taragon a ƙarƙashin cikinta. Kowace ɗaya gaɓa 96 ce, nauyinta ya kusa tan uku. Duk wanda ya taɓa canza tayar tirela a gefen hanya zai iya ƙiyasta gumin da mutum biyar ke zubarwa a wannan aiki, sau biyu a kowace tafiya, wajen hawa da wajen sauka.

A ma'aunin 1 cikin 35, babbar sarƙa milimita 20.7 ce, ƙarama 14.9. Bambancin bai kai milimita shida ba a kowane gefe. Wannan milimita shidan ita idon Baba ya kama.

Doka daban, hoto daban

Da a nan maganar ta tsaya, da gyaran ya yi sauƙi: a cire babbar sarƙa a sa ƙarama. Amma da na ci gaba da duba hotuna sai na tarar da Tiger da yawa zaune a kan tarago da manyan sarƙoƙinsu, sun leƙo waje ta kowane gefe kamar mai ƙiba a kan kujerar 'yar tsugunno. Dokar ta hana, amma an yi. A filayen gabas, wato fagen yaƙi da Tarayyar Sobiyet, inda layi ke miƙe, babu ramin dutse, babu ƙuntatacciyar gada, kuma ana kwashe bataliya daga wannan wuta a kai ta waccan cikin gaggawa, ma'aikatan jirgi da sojoji kan duba hanyar su ga za ta ɗauka, sai su yi lodi haka nan. Wanda ake jira ya sauka ya shiga yaƙi nan take ba shi da lokacin canza takalmi a tasha.

A nan masu wannan sana'a suka rabu biyu, kuma gardamar tasu ba ta ƙarewa. Wasu na cewa duk Tiger a kan tarago dole ta sa siririyar sarƙa, in ba haka ba aikin banza ne. Wasu na zaro hoto ɗaya su ce ga shi nan, an yi da babba, saboda haka kowa ya yi yadda ya ga dama. A ganina duka biyun sun kauce. Na farko ya ɗauki littafin doka ya mai da shi tarihi, alhali littafin doka abin da aka so a yi ne. Na biyu ya ɗauki hoton da aka yi a wani layi a Yukren ya mai da shi lasisin ɗora tanka mai babbar sarƙa a kan hanyar da ta ratsa duwatsun Italiya. Hoto shaida ne a kan ranarsa da wurinsa kawai. Tambayar da ta dace ita ce: wannan jirgin daga ina ya taso, ina za shi, kuma me ke tsakani?

Da wannan ma'aunin, babbar sarƙata ba laifi ba ce kai tsaye. Tankar da ake matsar da ita daga wani sashe na fagen gabas zuwa wani a bazarar 1943 tana iya tafiya haka. Har na fara murna cewa na tsira. Ashe sarƙar ce ƙaramin laifina.

Tankar da ba a haifa ba tukuna

Tiger ba iri ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Shekara biyu aka yi ana ƙera ta, kuma kusan kowane wata sai an canza wani abu. Masu sayar da samfuri sun raba ta uku, ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe, suna rubutawa a jikin kwali. Ni kuwa da na tashi saye, wadda hotonta ya fi burge ni na ɗauka. Ta ƙarshe ce.

Tayoyinta na ƙarfe ne zalla, marasa roba a baki. Waɗannan sai a Fabrairu 1944 aka fara sa su. Tiger ɗin da ta je Kursk, inda aka fara gwabzawa ranar 5 ga Yuli 1943, tayoyi masu bakin roba gare ta, 24 a kowane gefe. Jikin tawa kuma duk na bi shi da zanen Zimmerit, wani kwaɓi mai kama da siminti da ake shafawa a yi masa tsaga-tsaga don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne. Kwana goma na yi ina wannan zane da bakin ƙaramin sukundireba, kuma shi na fi alfahari da shi. An fara shafa shi a masana'anta ne wajen ƙarshen damunar 1943, bayan an gama Kursk, aka daina a Satumba 1944. Leƙen kwamanda da ke saman kan tankar nawa gajere ne mai zagayen madubai, wanda ya shigo a Yuli 1943, a watan da ake yaƙin; tankokin da ke kan hanya a Yuni dogon leƙe mai kamar ganga gare su. A bayan tankokin farko akwai manyan matatun iska na Feifel guda biyu rataye, tawa babu, domin an daina sa su kafin ƙarshen 1943. Fentin kaɗai ya tsallake: ruwan ƙasa mai duhun rawaya ya maye gurbin toka tun Fabrairu 1943, saboda haka ya dace da kowanne daga cikin lokutan biyu.

Wato na ɗora tankar 1944 a kan jirgin 1943. Kamar a nuna maka hoton Kano na zamanin Sardauna ka hango mai A Daidaita Sahu a gefe. Kowane yanki na samfurin daidai yake a karan kansa, an auna shi da kyau, an ƙera shi da kyau. Haɗuwarsu a rana ɗaya ce ba ta yiwuwa, kuma ni da hannuna na rubuta ranar.

Akwai wani tarko kusa da wannan, na gidajen tarihi. Tiger ɗin da ke gidan adana tankoki na Saumur a Faransa tana tsaye ne a kan siririyar sarƙar lodi, kuma ta ƙarshe ce mai tayoyin ƙarfe. Mai neman ganin yadda siririyar sarƙa ke zama, can zai duba. Amma wanda ya kwaikwaye ta don ya yi tankar 1943 zai ɓata, saboda masu tayoyin ƙarfe an riga an rage musu jerin waje tun daga masana'anta, babu abin cirewa. Tsofaffin ne ake kwance wa tayoyi, a bar kawunan sanduna tsirara, kuma dole a ga inda aka jibge tayoyin da aka cire a kan taragon. Ita kuwa Tiger mai lamba 131 da ke Bovington a Ingila, wadda aka kama a Tunisiya a Afrilu 1943 kuma ita kaɗai ce har yau injinta ke tashi, ta farko ce, a kan babbar sarƙa. Kowacce tana ba da shaidar zamaninta ne kawai.

Gyaran

Hanya biyu ke gabana: in canza tanka ko in canza allo. Sabuwar tanka na nufin sabon kwali daga waje da kuɗin dakonsa, ga kuma kwana goma na Zimmerit da zai tafi a banza. Allo kuwa ɗan katako ne. Na zaɓi allo, ina ganin na yi wayo.

Sai dai sabuwar rana tana zuwa da nata sharuɗɗan. Na nemi tafiyar jirgi ta gaskiya da tanka irin tawa ta yi, na tsaya a kan bataliya ta 503. An sake mata kayan yaƙi a Ohrdruf cikin Jamus, aka yi lodinta a ƙarshen Yuni 1944 zuwa Normandi a Faransa, aka sauke ta a Dreux a farkon Yuli, saura ta ƙarasa da ƙafa cikin dare saboda jiragen saman ƙawance sun ragargaza layuka da gadoji. Tankoki 45 gare ta, 33 Tiger irin tawa, 12 sabuwar Tiger ta biyu. Wannan ya warware maganar tayoyi da Zimmerit da leƙen kwamanda gaba ɗaya. Amma ya dawo da maganar Baba. Jirgin da zai ratsa Jamus da Faransa, ta tashoshi masu dandamali da tsofaffin gadoji da layuka biyu kusa da juna, ba shi da uzurin filin Yukren. Siririyar sarƙa ta zama dole.

Haka na sayo ta, gaɓa-gaɓa. Na ɓamɓare farantan tare laka na gefe, na bar ƙananan kawunan da ake ɗaure su a kai a jere a jikin tankar, domin a hotuna ana ganinsu. Babbar sarƙar da na cire ban jefar ba, na miƙe ta na kwantar a ƙarƙashin tankar. Gaɓa 96 sau huɗu, 384 ke nan, kowacce sai an kankare ta da wuƙa. Lambar da ke jikin kan tankar ma sai da ta canza. Lamba uku Jamusawa ke rubutawa: rukuni, sashe, sannan tankar kanta. Tawa da 1 ta fara, alhali rukunin farko na bataliyar a lokacin kusan dukansa sabuwar Tiger ta biyu ce. Na goge na mai da ita ta rukuni na uku. Na sassaƙa waigi da guntayen katako na dasa gaba da bayan sarƙa, na rufe bakin bindiga da ɗan ƙyalle a madadin tamfol.

Abin da na yi asara shi ne wata 'yar ƙawa da na shirya wa layin. Dogon Tarayyar Sobiyet milimita 1,524 ne, kuma da Jamusawa suka shiga sai suka riƙa ciro ƙarfe ɗaya suna matso da shi ciki don jiragensu su bi. Na so in nuna tsofaffin ramukan ƙusa a kan katakon layin, tazarar milimita biyu da rabi a ma'aunina. A Faransa babu wannan, sai na cike su.

Taragon ya kusa ba ni kunya shi ma. Irin waɗannan taragai sun daɗe suna aiki bayan yaƙi, saboda haka hotunansu masu kyau da yawa na baya ne. Duk wanda aka rubuta wa DB, alamar hukumar jiragen ƙasan Jamus ta Yamma, na bayan 1949 ne. Doguwar lamba mai alƙaluma 12 ta shekarun 1960 ce. Ko rubutun Deutsche Reichsbahn, sunan hukumar jiragen ƙasan Jamus a zamanin yaƙin, ba ya wanke tarago, domin Jamus ta Gabas ta ci gaba da amfani da sunan har bayan haɗewar ƙasar. Nawa dai ya zo da rubutun zamanin yaƙi, na auna layin kuma na sami milimita 41, wanda shi ne 1,435 in an raba da 35. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, don masu jiragen wasa da masu tankokin wasa ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Babban jirgin wasa 1 cikin 32 ne a kan layi mai milimita 45. Ƙaramin da ya fi yawa 1 cikin 87 ne, ƙananan tankoki kuwa galibi 1 cikin 72. Ɗora wannan a kan wancan, Tiger ta zama giwa a kan amalanke. Shi kansa 1 cikin 35 ɗin ba wani lissafin tarihi ya haife shi ba: kamfanin Tamiya na Japan ne ya fito da tankar wasa irin Panther mai tafiya da batir a 1961, ya yi ta daidai girman da batir zai shiga cikinta, ma'aunin ya zauna har yau.

Akwai abin da na daɗe ina juyawa a rai lokacin da nake manna rubutun Reichsbahn ɗin nan. Hukumar jiragen da ta ja wannan tarago ita ce ta ja taragan da aka cusa Yahudawa da sauran mutane zuwa sansanonin kisa, a kan layukan nan, a shekarun nan. Masana'antar Henschel kuma da dubban mutanen da aka tilasta wa aiki ta ƙera kayanta. Mai ƙirga ƙusoshin tanka da sunan bin gaskiyar tarihi, in ya ce wannan ba ruwansa, to ƙusa yake bi. Ban san yadda ake sa wannan a cikin roba da fenti ba, sai na ƙara layi biyu a bayan sabon allon, inda na rubuta wanda ya ƙera tankar da waɗanda aka sa su ƙera ta.

Sabon allon ya ce: "Hanyar Dreux, farkon Yuli 1944". Gyaran da na zaci na yini ɗaya ne ya ci mako bakwai.

Da Baba ya dawo, ya sake sunkuyawa a ƙarshen taragon, ya rufe ido ɗaya. Ya ce faɗin ya yi, waigin ma ya yi, ko da yake shi da ya ƙara ɗaya. Har ya miƙe zai tafi sai ya dawo ya ɗora yatsa a kan dogon. Na bi shi duka da fentin tsatsa, sama da ƙasa, don ya yi kama da tsoho. Ya ce, "Wannan layin an yi shekara jirgi bai bi ta kansa ba. Layin da ke aiki, gefensa ne ke tsatsa, bayansa ƙyalli yake kamar sabuwar wuƙa. To ta ina taragon naka ya zo nan?" Na ɗauko fensir na ba shi. Ya zauna a kujerata, ya gyara tabarau, ya shiga goga bakin fensirin a kan ƙarfen daga wannan ƙarshe zuwa wancan.